Notin Mashin Ɗin Baba

Ridwan mai gyaran famfo ne, kuma duk Samaru an san hannunsa. In ya ɗaure bututu, sai dai jikokin mai gidan su zo su sha wahalar kwancewa. Hannun nan ne kuwa ya hana shi zama wuri ɗaya har kwana uku.

Mahaifinsa, Malam Ahmadu, yana da wani tsohon jan mashin da ya shekara goma sha tara yana hawa. Bai taɓa ba kowa aronsa ba, balle Ridwan, wanda tun yana ƙarami yake ce wa mai hannun guduma. Sai da aka yi wa tsohon aikin ido, aka rufe masa idanu da bandeji, sannan ya laluba aljihu ya miƙa masa makulli.

"Ka riƙa tayar da shi da safe ya ɗumama," in ji shi. "Ban ce ka taɓa komai ba."

Daɗi ya kashe Ridwan. Shekararsa talatin da ɗaya, amma ranar ce ya fara jin Baba ya ɗauke shi mutum. To, daɗi in ya yi yawa shi ke sa rawar kai. Ya duba bangon zaure inda Baba ke rubuta ranar juyen man inji da alli, ya ga lokaci ya wuce da mako biyu. Ya ce bari ya yi abin kirki. Ya ɗauko sifanar Baba mai lamba sha bakwai daga cikin gwangwani, ya kwance notin ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye, ya mayar da noti ya ɗaure. Da ya ji ya kama, maimakon ya tsaya, sai ya yi abin da ya saba a wurin aiki: ya zura guntun bututu a wutsiyar sifana ya ƙara dannawa.

Noti ya yi tauri, ya ƙara tauri, sai kuma ya saki gaba ɗaya, ya shiga juyawa kamar murfin kwalba. Gidan inji alminiyam ne mai laushi, ba bututun ƙarfe ba. Haƙoran ramin sun cinye.

Mai famfo dai mai famfo ne. Ya ciro farin tef ɗin da yake naɗa wa bututu, ya naɗe notin ya cusa, ya zuba sabon mai. Abin ya riƙe har sai da inji ya ɗauki zafi, daga nan ya fara ɗiga a tsakiyar zaure. Ya ƙara tef. Ya shafa gam. Ya ɗebo yashi ya barbaza a ƙasa, ya share, ya sake barbazawa. In yana gidan mutane yana gyara, hankalinsa na zaure. In ya zauna cin abinci, loma biyu sai ya miƙe ya je ya leƙa ƙarƙashin mashin. Ba lalacewar injin ce kaɗai ke cinsa ba. Ran Juma'a za a buɗe wa Baba ido, kuma ya san abin da zai fara dubawa. Zai karɓe makullinsa ba tare da ya ɗaga murya ba, shi ke nan kuma har abada.

Ran Alhamis da hantsi ya ɗaura galan ɗin mai a baya ya nufi Sabon Gari, wurin Uzodinma, mai injinan yankan ƙarfe, wanda makanikai ke tura wa aikin da ya fi ƙarfinsu. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ta ci masa fiye da awa. Ya tsaya a Palladan ya duba mai, ya ƙara. Ya tsaya a Kwangila, masu a-daidaita na danna masa hon, ya sake ƙarawa. Duk inda ya waiwaya sai ya ga ɗigon baƙin mai na biye da shi a kan kwalta, kunnensa kuwa na kan inji, yana jiran ya ji ya buga. Ga hadari ya haɗo ta gabas.

Uzodinma dattijo ne mai furfura, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Tun kafin Ridwan ya kafe mashin ya ce, "Wannan ai na Malam Ahmadu ne. Ina mai shi?"

"An yi mishi aikin ido ne, Oga. Ni ɗanshi ne."

Uzodinma ya durƙusa, ya zare notin da yatsu biyu, ya jawo farin tef mai tsawo yana ɗaga shi sama don maƙwabta su gani. "Wetin be dis? Kai mai famfo ne?"

"Eh."

"Na gani. Inji ka mayar tankin ruwa."

Ridwan ya yi yaƙe. Ya tsaya, ya zauna a benci, ya sake miƙewa. Uzodinma bai kula shi ba. Ya sa aka kwantar da mashin a kan tsohuwar taya, ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kaifi da ake yanka sabbin haƙora da shi, ya cika shi da giris don ya kama ɓarɓashin kada ya faɗa cikin inji. Ya saita shi a ramin, ya juya rabi, ya dawo baya, ya juya rabi, ya dawo baya. Can ya zare ya goge, ya sake shafa giris.

"Oga, ba za a ɗan yi sauri ba?"

"Sauri ne ya kawo ka nan. Zauna."

Ruwa ya sauko yana dukan kwanon rumfar. Da aka gama yanka, Uzodinma ya wanke ramin da kananzir, ya kawo sabon noti da washa ta jan ƙarfe. Nan gaban Ridwan ya faɗi. Notin ya fi tsohon kauri, kansa kuma ya fi girma.

"Lamba nawa ne wannan?"

"Sha tara. Rami ya faɗaɗa, dole noti ya girma."

"Sifanar Baba sha bakwai ne. Don Allah a goge kan ya koma yanda yake."

Uzodinma ya dube shi ta saman tabarau. "Mutumin da ya san notin nan da yatsanshi shekara sha tara? Ko na goge zai gane. Ni kuma ba zan yi wa Malam haka ba." Ya ɗaure notin, ya zuba mai, ya tayar da inji ya bar shi ya yi zafi. Ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Ko ɗigo babu.

Ridwan ya sayi sifana mai lamba sha tara a bakin kasuwa. Duk hanyar Samaru yana haɗa maganar da zai faɗa yana rushewa, ruwa na shiga masa wuya.

Ya tarar da Baba a zaure bayan la'asar, zaune a kan tabarma da bandejinsa, gwangwanin kayan aiki a gabansa.

"Kawo shi nan kusa," in ji Baba. "Kwana uku ina taka yashi a zaurena."

Ridwan ya turo mashin. Baba ya laluba ƙasan inji, ya kai tsohuwar sifanarsa kan noti. Ta ƙi shiga. Ya sake gwadawa, ta ƙi.

"Ni ne, Baba. Na yi juye ban tambaye ka ba, na ɗaure da bututu har haƙoran suka cinye. Oga Uzodinma ne ya gyara." Ya sa sabuwar sifanar a tafin mahaifinsa, ya ɗora makulli a kai.

Baba ya ajiye makullin a kan tabarma, ya daɗe yana shafa sifanar. "Likita ya gaya mini tun kafin aikin," ya ce a hankali. "Abin da ya rage na gani kawai za su tsare. Zan ga hanyar masallaci. Titi kam, na gama da shi. Ban gaya wa ko uwarka ba."

Ridwan ya durƙusa kusa da shi. Kwana uku yana tsoron idon da zai buɗe ya kama shi, ashe idon ba zai ko ga notin ba.

"Miƙo hannunka," in ji Baba.

Ya damƙa masa sifanar, ya sa ya ɗan sassauta notin, sannan ya ɗora tafinsa a kan hannun ɗansa suka ja tare. Noti ya kama. Hannun Ridwan ya so ya ƙara, na Baba ya riƙe shi.

"Nan," ya ce. "Ka ji shi? Nan ake tsayawa."

Ya lalubo makullin a kan tabarma, ya zura shi a aljihun rigar Ridwan da ke jiƙe.