Koren Maɓallin Tajuddeen

Duk Sabon Garin Gusau an san Rifkatu mai gyaran kwamfuta da sanyin hali, sai dai ita ce irin mutanen nan da ba sa faɗa, ba sa kuma mantuwa. Tajuddeen mai ɗaukar bidiyon biki, wanda shagonsa ke kallon nata, bai taɓa lura da wannan ba, don shi mutum ne da ba ya tsayawa ya duba komai sau biyu.

Ga abin da ya haɗa su. Ranar bikin godiya na coci, Rifkatu ta ɗauke shi ya yi bidiyon mahaifiyarta tana jan waƙa a gaban zumuntar mata, da zaninsu iri ɗaya, tana kaɗa caki tana rausaya. Bayan 'yan makonni tsohuwar ta kwanta, ba ta tashi ba. Da aka share makoki Rifkatu ta tsallaka titi ta karɓi bidiyon, sai ta tarar ya goge shi don ya samu wurin zuba wani kamu da ya ɗauko a Damba.

"Haba Rifkatu, mi na abin kuka?" in ji shi, yana ɓare gyaɗa. "Ai hoto ne, ba mutum ba. Ko yana nan ba ya maido ta."

Ta koma shagonta da maganar nan a ƙirji, tana ci mata rai kullum. Babu wani wuri a duniya da muryar uwarta ta saura, kuma wanda ya shafe ta ko haƙuri bai bayar ba. Ta ƙudurta sai ya ɗanɗana abin da ta ɗanɗana.

Da ƙafarsa ya kawo kansa. Aiki ya yi masa yawa, ya gaji da kwashe bidiyo ɗaya bayan ɗaya daga katin kyamara zuwa faifan ajiya. Ya ce ta yi masa dabara, ya danna abu ɗaya komai ya wuce. Rifkatu ta yi murmushi ta ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Ta rubuta masa ɗan fayil na umarni, irin wanda masu gyara ke kira bach, layi kaɗan da ke gaya wa kwamfuta ta kwashi kaza ta kai wuri kaza. Shi yana son ya gan shi a layin nan na ƙasan allo, inda alamomi ke jere, amma kwamfuta ba ta yarda a manna irin wannan fayil a can kai tsaye. Sai da Rifkatu ta yi masa gajeriyar hanya, ta lulluɓe shi da sunan wata manhaja da kwamfutar ta amince da ita, sannan ya mannu. Ta zaɓa masa alamar koren kwaɗo na kulle ƙofa, mai kwantar da hankali. In an danna, wani baƙin allo ya gifta kamar ƙiftawar ido, ya ɓace.

"Da ka ga baƙin nan ya wuce, an gama," ta ce.

Gaskiya ta faɗa, rabinta. Bidiyon yana tafiya faifan ajiya, amma cikin wani ɓoyayyen lungu da ita kaɗai ta san hanyarsa. Ta san mutumin da take yi wa aiki. Tajuddeen ba zai buɗe ya duba ba, zai danna, ya ga baƙi ya gifta, ya goge katin ya rataya jaka.

Haka kuwa aka yi. Ya je Bilbis, can ƙasar Tsafe, ya ɗauko auren ɗan Malam Jatau, wani manomi. Ya dawo ya danna kore, ya share katinsa tas, ya hau babur sai Bunguɗu wani bikin suna. Rifkatu tana ƙofar shagonta tana kallonsa, har hannu ta ɗaga masa.

Ranar da ya zauna zai haɗa bidiyon Bilbis, ihunsa aka fara ji. Ya faɗo shagonta ba takalmi, zufa na zuba, ya ce ta zo ta taimake shi, faifai wayam. Rifkatu ta gama ɗaure sukurun da ke hannunta, ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, sannan ta bi shi. Daɗin da ta ji a wannan 'yar tafiyar ba ƙarami ba ne, kuma ba ta ji kunyar jin sa ba.

A shagonsa ta tarar da wani dattijo zaune a benci, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Malam Jatau ne, ya biyo motar kasuwa tun da safe. Ta gaishe shi, ta zauna gaban kwamfuta, ta yi ta danne-danne na banza tana girgiza kai, Tajuddeen na tsaye a kanta yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Sai da ta ga idonsa ya kawo ruwa ta juyo.

"Mi na abin kuka, Tajuddeen?" ta ce, a hankali, yadda kowace kalma za ta shiga. "Ai hoto ne, ba mutum ba."

Ta ga lokacin da ya tuna, ta ga fuskarsa ta zube. Abin da ta daɗe tana jira ke nan.

Dattijon ne ya yi gyaran murya. "Ɗiyata, wurina mutum ne," ya ce. "Uwar angon, mai ɗakina, ita ta yi guɗa rannan. Bayan biki da kwana kaɗan Allah ya yi mata cikawa. Ban iya kallon wanga abu naku ba, amma an ce mani in an kunna ana jin murya. Ita niz zo ji."

Rifkatu ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ba ta shirya wa wannan ba. Ta dubi tsohon, ta juya ga allo ba tare da wani wasan kwaikwayo ba. Ta buɗe lungun da ta ɓoye, ta nemo wurin, ta ƙara sauti. Guɗa ta cika shagon, doguwa, mai kaifi. Malam Jatau ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da bakin rigarsa.

Tajuddeen ya matso kusa da allon. "Ashe yana nan! Rifkatu, ke kika..."

"Ni ce," ta katse shi. "Nasa yana dawowa, don ni ɓoyewa na yi. Nawa fa?"

Rifkatu ta zuba wa dattijon bidiyonsa a wayar ɗansa da ya zo da ita, ta nuna masa inda zai taɓa. Koren kwaɗon kuwa ta bar shi manne a inda yake, ba ta ce ta gyara ba, ba ta ce ba ta gyara ba. Tun daga ranar Tajuddeen bai sake danna shi ya tashi ba. Sai ya buɗe kowane bidiyo ya kalla har ƙarshe, ga gumi a goshi, kafin ya taɓa katinsa.

Rifkatu ta raka Malam Jatau har bakin titi ta tsayar masa da Keke Napep. Yana shiga ya sake taɓa wayar, guɗar ta tashi, ya tafi da ita a kunne. Ita kuma ta koma shago ta zauna, ta lalubo waƙar nan ta ranar godiya, ta fara rerawa ƙasa-ƙasa ko za ta jiyo yadda uwarta ke jan baitin farko. Tata muryar kawai ta ji.