Ranar da Na Kira Sunan Baba Bature

Ni Innayatu, tun da aka ɗaura min aure bakina bai taɓa furta sunan Yakubu ba. Sunan surukina ne. Ko yaron maƙwabta mai wannan suna, Mai Sunan Baba nake ce masa.

A shekarar 1982 mijina Badaru yana karatu a Jami'ar Musulunci ta birnin Manzon Allah, muna haya a unguwar Sultana. Bayan Hajji ya kwaso mana wani tsoho fari sol daga Harami, wai masaukinsa ya ɓace masa. Badaru ke nan, ko kyanwa ya gani tana yawo sai ya kawo ta gida. Tsohon Musulmi ne ɗan Lituwaniya, can ƙasar Turai, yaƙi ya kore shi tun yana saurayi, ya ƙare a Turkiyya. Larabcinsa guntu-guntu ne, idanunsa kuma sun kusa tafiya.

Wajen cin abinci ya faɗa wa Badaru sunansa Yokubas, wato Yakubu. Ya ce a yarensu idan za a kira mutum sai ƙarshen sunan ya canza, a ce Yokubai.

"Shekara talatin da takwas," in ji shi, "ba wanda ya kira ni haka."

Ina daga kicin na ji. Na ce a raina, ai kuwa ba daga bakina za ka ji ba. Na laƙaba masa Baba Bature.

Ranar Alhamis da hantsi muka kai shi ziyara Masallacin Ƙiblatain. Da muka fito Badaru ya ce, "Riƙe min Baba a nan, bari in samo taksi." Na sunkuya neman takalmina a cikin tarin takalma. Ina ɗagowa, babu tsoho.

Can na hango farar hularsa, ya sauka kan kwalta yana lalube da sanda, ga wata ƙatuwar bas ta alhazai tana ja da baya, direban bai san da shi ba.

"Baba!" Bai juyo ba. "Alhaji! Ya Hajj!"

Tsofaffi sun fi goma suka waiwayo, ban da shi. Wa ba Alhaji ba ne a wurin nan? Na yunƙura in ruga, ayarin mata ya tare ni, sun sarƙe hannuwa ba su sakin juna. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sunan yana bakina, kunya ta riƙe min harshe, bas kuwa tana ta matsowa, saura taku uku.

Na runtse ido na ƙwala da duk ƙarfina: "Yokubai!"

Da na buɗe ido yana tsaye cak. Bas ta wuce ta gabansa, ta taka sandar ta karya ta.

Na isa gare shi ƙafata ɗaya babu takalmi. Shi ko a jikinsa, bai ma san abin da ya faru ba. Sai juya kai yake yi cikin jama'a, hawaye na bin gemunsa.

"Wa ya kira ni?" ya ce da Larabcinsa. "Ina take?"

Na kama bakin rigarsa. "Ni ce, Baba."

Kafaɗunsa suka sauka. Sannan a hankali ya ce, "'Yata, ƙara faɗa."

Na waiga, ga Badaru yana tahowa da gudu, zai ji ni sarai. Na ƙara faɗa.