Waya a Gwangwanin Maɓallai

Ranar da kotun ɗaukaka ƙara ta saki Mai Walda, lauyar gwamnati ta kira ni ofishinta. Na zauna da 'yata a cinya, 'yar shekara uku da muke kira Maɓalli, don ta taɓa haɗiye ɗaya a shagon ɗinkina, muka yi kwana biyu muna gadin fo.

"Maman Maɓalli, ki saurare ni da kyau," in ji lauyar. "Tun kafin a kama shi majalisar jiha ta gyara doka. Duk wanda zai amsa laifi a hannun 'yan sanda, sai an ɗauke shi a bidiyo, ga lauyansa a gefe. Nasa a takarda kawai aka rubuta. Alƙalai sun ce a sake shari'a, sun ba da belinsa."

"Kan mijina fa? Shi ma a takarda aka fasa shi?"

Ta sunkuyar da kai. Shagon Mai Walda yana jikin nawa. Bara, kan rigimar wayar lantarki, ya ɗauki rodi ya sauke wa mijina a ƙeya har sau biyu. Mijina yana raye, amma ni nake ba shi abinci a baki. Ni kaɗai na ga abin da ya faru, yanzu kuma ni kaɗai na rage a matsayin shaida.

Ban yi kuka ba. Na tambaye ta, "Wato bidiyo suke so?"

Da ma kullum na gama ɗinki nakan kafa wayata a gwangwanin maɓallai da ke kan kantar shago, in ɗauki hoton rigar in tura wa mai ita. Daga ranar sai na jona ta da caja, na bar ta tana ɗauka tun buɗe shago har tashi. Da yamma in goge, da safe in sake kunnawa.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Walda ya shigo. Ina gugar rigar makaranta, Maɓalli tana ƙasan tebur tana wasa da ƙyallaye. Ya tura ƙofa da dunduniya.

"Sannu da aiki, uwargida. Yaya mai jiki? Ya fara magana, ko har yanzu sai miyau?"

"Fita."

"Haba, maƙwabciya. Saƙo ne gajere. Ranar Litinin ki ce wa alƙali ba ki ga komai ba."

Na san inda wayar take kallo. Na ce, "Me zan ce ban gani ba?"

"Rodin da na sauke masa. Biyu ya sha. Na ukun yana nan, na ajiye."

Sai ya duƙa ya fizgo Maɓalli daga ƙasan tebur, ya ɗaga ta da hannu ɗaya kamar kaza. Ta tsala ihu. Da ɗaya hannun ya ɗauki babban almakashina.

"Wannan 'yar kunnen nata mai kyau—"

Ban bari ya ƙarasa ba. Na danna masa dutsen guga a damtse, na danne da duk nauyina. Naman ya yi cuuu, ƙauri ya cika shagon. Ya saki yarinyar, ta faɗa kan tarin yadi. Ya damƙi wuyana ya buga fuskata da kan keken ɗinki. Na ji haƙori ya karye, jini ya cika mini baki. Ya sake bugawa. Almakashin ya shige ni a kafaɗa, ban ma ji zafinsa ba a lokacin. Na kamo wayar dutsen, na jawo shi, na kafta masa a haɓa. Ya yi baya ya fasa madubin gwaji, ya zube cikin gilas.

Na tura Maɓalli bayana, na tsaya riƙe da dutsen har mai chemist da masu faci suka banko ƙofa suka danne shi.

"Maman Maɓalli, jini kike zubarwa! Mu je asibiti!" in ji mai chemist.

"Tsaya tukuna." Na duba kunnuwan 'yata, duka biyun suna nan. Kafaɗarta ce ta goce. Sannan na miƙa hannu cikin gwangwani. Jan ɗigon ɗaukar bidiyo yana ta ƙiftawa a fuskar wayar.

Ranar Litinin na shiga kotu da ɗinki bakwai a kafaɗa, leɓe a kumbure. Lauyar ta nemi a soke beli, aka kunna bidiyon. Muryarsa ta fito tar: "Biyu ya sha." Lauyansa ya miƙe, ya duba takardunsa, ya koma ya zauna. Alƙali ya soke belin nan take, gandirobobi suka fita da shi ta ƙofar baya.

A waje Maɓalli, hannunta rataye a bandeji, ta leƙa bakina.

"Mama, ina haƙorinki? Kin haɗiye?"

"Ina jin na haɗiye."

"To sai ki zauna a fo," in ji ta.