Karan Awon Baba Silvanus

Motar da ta ɗauko gawar Baba Silvanus daga Kafanchan ta iso ƙauyensu, kusa da Kagoma, da ƙarfe goma na safiyar Asabar. Kafin sha biyu an gama sujada a coci, an kai akwatin gefen gonarsa ta citta, inda ya ce a binne shi. A nan ne aka ga kabarin bai kai tsawon akwatin ba.

Maza shida suka sassauta igiya. Wajen kai ya shiga, wajen ƙafa ya tokare a bakin ramin. Suka ɗaga, suka gyara tsayuwa, suka sake gwadawa. Saura kusan kamu guda. Matan zumunta na coci da ke waƙa suka rage murya, daga baya suka yi shiru.

Paulina, 'yarsa ta fari, tana tsaye da takardar tarihin rayuwarsa da za ta karanta. Ita ce ta ba masu haƙa awon, don haka ta ji idanun jama'a a kanta.

Abin da ke cikin takardar kowa ya san shi. Baba ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya yi shekara uku, ya dawo ya kama fartanya. Ya noma citta da dawa har ya cika shekara tamanin da biyar. Fiye da shekara hamsin shi ne mai haƙa kabari a ƙauyen, na Kirista da na Musulmi, ba wanda ya naɗa shi, kuma ko ruwa ba ya sha a gidan rasuwa sai ya rufe ramin. Yana da ƙa'ida: da kansa yake auna mamaci da karan dawa, a ƙara tafin hannu biyu a kai, biyu a ƙafa, a ƙarshe a jefa karan cikin kabarin tare da ƙasa.

Ranar Alhamis, da Paulina ta shiga share ɗakinsa, ta tarar da kara ɗaya a jingine bayan ƙofa, an yanke bakinsa biyu da wuƙa. Ta san karan tun tana ƙarama. Duk shekara bayan an yanke dawa, Baba yakan zaɓi sabo, ya jera shi da tsohon, ya yanke daidai, ya ƙona tsohon. Ta ɗauka awon kansa yake ajiyewa, irin na mutumin da ba ya son a yi masa aiki da ka. Ta miƙa wa Jatau, wanda ya gaji aikin haƙa tun da bayan Baba ya ranƙwafa.

"Ni na ce wannan kara ya yi gajere fa," in ji Jatau yanzu, yana share gumi da hularsa. "Amma shekara goma Baba yana tafiya a dunƙule. Na ce ko tsufa ya cinye shi. Wa ya tuna tsawonsa?"

Ba wanda ya tuna. Sai da aka miƙar da shi a ɗakin ajiye gawa ya koma dogon mutumin da ya tafi yaƙi.

Mildred, ƙanwar Paulina da ta zo daga Abuja, ta matso tana duba agogo.

"Yaya, a ƙara ramin ta ƙafa kawai. Minti talatin ne. Baba yana cikin rana, ga baƙin Samaru da na Kasuwan Magani suna son kama hanya da wuri. Jatau, ɗauki diga mana, ko sai an yi maka waƙa?"

Jatau ya ɗauki diga. Kafin ya sauka, wani tsoho ya ratso mutane yana dogara sanda. Bobbo ne, Bafulatanin da rugarsu ke bayan rafi, wanda shanunsa suka shekara arba'in suna cin harawar gonar Baba bayan girbi. Ya tsaya a bakin ramin, ya dubi karan da ke kan tarin ƙasa.

"'Yata, a ina kika samo wannan?"

"Bayan ƙofarsa, Baba Bobbo."

"To, ba nasa ba ne. Na Arzika ne."

Paulina ba ta taɓa jin sunan ba. Bobbo ya zauna a kan kututture, ya yi magana ƙasa ƙasa, yadda sai na kusa ke ji.

Arzika, in ji shi, wani ɗan gajeren soja ne daga wajen Sakkwato, abokin kwanan Silvanus a ramin yaƙi. Sun yi wa juna alkawari, wanda ya riga mutuwa ɗayan zai rufe shi. Harsashi ya sami Arzika a wani dajin kwakwar manja. Silvanus ya auna shi da igiyar takalmi, ya ƙulla, ya fara haƙa. Ƙasar duk saiwa ce. Ramin bai kai gwiwa ba aka ba da umarnin tashi. Ya roƙi minti goma, sajan ya nuna masa bindiga. Ya lulluɓe Arzika da bargo, ya bi sahu. Da ya waiwaya, ungulaye sun riga sun sauka a kan bishiya.

"Igiyar ya dawo da ita a aljihu," in ji Bobbo. "Da ta fara ruɓewa ya mayar da awon kan kara. Ranar da ya zo rugarmu ya ce in koya masa yadda muke haƙa namu na Musulmi, ranar ya gaya mini."

Paulina ta tuna kwana uku na ƙarshe a asibiti. Baba yana ta yaƙusar zanen gado da yatsu, yana cewa, "Saiwa ce, Sajan. Saura kaɗan." Ta sa a ranta cewa zazzaɓi ne. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ga irin haka da yawa.

"Me ya hana shi binne karan tuntuni?" ta tambaya. "Ramuka nawa ya haƙa?"

"Na ce masa haka. Ya ce hannun da ya bar aikin ba shi zai zo daga baya ya ce an gama ba." Bobbo ya nuna ramin da sandarsa. "Yanzu ga shi wasu hannuwa sun haƙa, daidai da shi. Ni dai abin da na sani ke nan. Gawa taku ce."

"Baba Bobbo, da girmanka," in ji Mildred, "mutumin nan ya mutu shekara hamsin da wani abu. Namu uban ne ke kwance a rana. Yaya, ki yi magana."

Paulina ta dubi ramin. Kusurwa huɗu a tsaye, ƙasan a share, yadda Baba ya koya musu. In Jatau ya sa diga ta ƙafa, cikin rabin awa ramin zai zama na Baba, karan kuma ya zama kara kawai. In an bar shi, sai an fasa sabuwar ƙasa, ga ruwan farko bai jiƙa ta sosai ba. Aikin awa uku ne, ko fiye.

"Jatau," ta ce, "ajiye digar. A kai Baba inuwar ɗorawa. A haƙa wani a gefen wannan."

"Baƙi za su watse," in ji Mildred.

"Su sauka lafiya."

Jatau ya tsinko sabon kara daga dannin gonar, ya auna akwatin da kansa sau biyu.

Kusan rabin jama'ar sun tafi kafin ƙarfe uku. Matan zumunta suka zauna kewaye da akwatin suna waƙa a hankali. Mildred ta cire takalmanta masu tsini, ta shiga ɗebo wa masu haƙa ruwa.

Da aka gama, Paulina ta tambayi Bobbo ko akwai abin da ake yi a addininsu.

"Ba a yi wa kara salla," ya ce. "Addu'a dai zan yi masa."

Jatau ya sauka cikin gajeren ramin. Paulina ta miƙa masa karan. Bai jefa shi ba kamar yadda aka saba. Da hannu biyu ya karɓa, ya shimfiɗa. Tafin hannu biyu a kai, biyu a ƙafa. Bobbo ya ɗaga hannuwansa, leɓunansa suna motsi. Aka mayar da ƙasa.

Sannan aka sauke Baba Silvanus a nasa, akwatin ya zauna ba tare da ya taɓa bango ba. Paulina ta buɗe takardarta, wadda gumi ya jiƙa. Ta karanta shekarar haihuwa, da shekarar baftisma. Da ta zo layin da ya ce ya tafi yaƙi ya dawo lafiya, ta tsaya. Ta tsallake shi, ta ce, "Ya tafi yaƙi tare da wani mutum mai suna Arzika." Ta ci gaba da sauran yadda aka rubuta.