Kimutai da Barasa a Barandar Asibiti

Ɗana Kimutai shi ne gwanin gudu a makarantarsu da ke Iten. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka gano yana da kansar jini, aka ba mu gado a wani asibiti a Eldoret.

A gadon kusa da namu akwai sa'ansa Barasa, yaro mai tumbi da yawan dariya. Ciwonsu ɗaya, kuma a mako ɗaya aka kwantar da su. Kowace safiya Sista Naliaka, mai sa yara motsa jiki, takan ba su ƙwallon roba su matse, sannan su taka baranda. Barasa sai ya je ƙarshe ya dawo yana tauna mandazi, wani irin fanke. Kimutai kuwa, kafin ya kai rabi ƙafafunsa sun kama rawa.

"Mama, dubi buhun masarar nan," in ji Kimutai, murya ƙasa-ƙasa. "A filin gudu ko ƙurata ba zai gani ba. Me ya sa shi maganin bai karya shi ba?"

Ni ma in na ga uwar Barasa tana ƙara masa ugali, tuwon masararsu, yana suɗe kwano, sai na juya fuska bango.

Sista ta ce kowane jiki da yadda yake karɓar magani, kwanciya kuwa ƙara cinye naman ƙafa take yi. Kimutai ya yi kunnen uwar shegu. Ya daina tashi, ya daina amsa gaisuwar Barasa.

Wata safiya Barasa ya zo ya tsaya a kansa.

"Kai zakaran Iten, an ce kana gudu. A mafarki ne?"

"Rufe mini baki, tulu kawai."

"To taso ka rufe shi mana."

Kimutai ya yaye bargo ya sauko. Na miƙa masa hannu, ya ture. Ya bi bango, Barasa na gabansa yana tafiyar agwagwa da gangan. Bai cim masa ba, amma ya kai ƙarshen baranda, ya zube yana haki, hawayen haushi na zuba.

Barasa aka fara sallama. Kimutai bai yi masa ban kwana ba, ta taga ya leƙa shi.

"Da kansa ya ɗauki jakarsa, Mama. Har matakala ya sauka da ita."

Da rana ya ce wa Sista shi ma matakala zai gwada. Ta ce da saura. Ya yi ta naci har ta yarda da hawa kaɗan, bisa sharaɗin tana riƙe da kafaɗarsa.