Ranar Da Aka Cire Elias Daga Raga

Liatu ba ta taɓa buga ƙwallo ba, sau ɗaya tak ta taɓa zuwa fili kallo, amma duk Yelwa babu wanda aka cika wa kunne da zancen ƙwallo kamarta. Laifin benci ne. Wani dogon benci ne na katako da ta ajiye a gefen tandarta don masu cin masa su sami wurin zama, sai wasu mutum uku suka mai da shi majalisa: Mijinyawa mai facin taya, da Ɗanlarai mai keken haya, da Malam Abdulsalam wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya dawo unguwa ya zama masanin komai. Su sayi masar mutum ɗaya, su yi surutun mutum goma.

Mijinta Obadiya kafinta ne, shi ma ya haɗa bencin da hannunsa. Shi ne kuma kocin Taurarin Yelwa, ƙungiyar samarin unguwa, ɗansu Elias kuwa shi ne gola. Wannan haɗin na uba da ɗa shi 'yan benci suka samu suna ta tauna tun da aka fara gasar kofin unguwanni.

"Ba don ɗan koci ba ne, da Hammadu ne a raga," in ji Mijinyawa, yana dangwalar miya.

"Hammadu fa in dai fenareti ne, aljani ne," in ji Ɗanlarai. "Amma wa zai saka shi? Ubansa ba koci ba ne."

A gabanta suke faɗa. Su ɗan rage murya wai kunyarta suke ji, alhali mai shagon tsallaken titi ma yana jin su. Ita dai ta ci gaba da juya masarta. Abin da ya dame ta shi ne ta san maganar tana isa kunnen Obadiya, ta kuma san mijinta. Dattijo ne a coci, mutum ne da zai iya kwana da yunwa bai nuna ba, amma a ce ya yi son kai? Wannan kalmar tana hana shi barci.

Ranar Asabar aka buga wasan kusa da na ƙarshe da 'yan unguwar Inkil. Ranar ce Liatu ta rufe tanda da wuri ta je fili. Ba ta san dokokin wasan ba, amma ta san ɗanta, ta kuma ga abin da ya yi. Duk ƙwallon da 'yan Inkil suka harbo sai ta tarar da shi. Ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, ya ture wata da yatsunsa har 'yan Inkil ɗin ma suka tafa masa. Aka kai ƙarshen lokaci babu wanda ya ci wani, saura kaɗan a tafi bugun fenareti. Sai ta ga Obadiya ya miƙe ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu. Canji. Hammadu ya taso daga gefe yana tsalle.

Da ƙungiya ce mai hali, da gola ya fito, gola ya shiga, shi ke nan. To Taurarin Yelwa safar hannu ta mutum ɗaya gare su, ta Elias ce ma ta kansa, wadda Liatu ta ɗinke wa babban yatsa da baƙin zare. Saboda haka dole aka tsai da wasa, Elias ya tsaya a tsakiyar fili, duk jama'a na kallonsa, yana cire safar da haƙori don gumi ya manne ta a hannunsa. Ya cire ɗaya, ya cire ɗayar, ya miƙa wa Hammadu. Da ya fito ya wuce ta gaban ubansa, Obadiya ya kafa ido a kan fili kamar bai san wanda ya wuce ba.

Da aka zo bugun fenareti, Hammadu ko taɓa ƙwallo ɗaya bai yi ba. In ya faɗi dama ta shiga hagu, in ya tsaya ta bi ta gefen ƙafarsa. 'Yan Inkil suka tafi gida da kiɗa.

Tun daga ranar Elias bai ƙara cin tuwon gidan ba. Da safe zai ce, "Baba, ina kwana," ya fice kafin a amsa. Ranar Litinin ya sami Liatu tana dama ƙullu ya ce zai tafi Fatakwal wurin Kawu Zakka, yayanta, wanda ya daɗe yana kiransa aikin lodi. Da can ƙwallo ce ta hana shi tafiya. Yanzu ya ce ran Alhamis da safe zai hau mota.

Liatu ta dakata da damun. Ta san yadda tafiyar nan take: shekarar farko a zo Kirsimeti, ta biyu a bugo waya, daga nan sai labari a bakin wasu. Shi kaɗai ne kuma ya rage mata a gida.

"Saboda ƙwallo, Elias?"

"Ba faɗuwar ce ta dame ni ba, Mama. Ko kallona bai yi ba."

"In ya ce maka ya yi kuskure fa?"

Elias ya ce, "Bari ya faɗa tukuna."

Wannan 'yar kalmar ta riƙe. Ta je ta sami Obadiya a rumfarsa, yana zaune da katako a cinya, ba ya aikin komai. Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Ta ce, "Baban Elias, magana ɗaya ce. Ka ce masa ka yi kuskure, yaron nan ba zai tafi ba." Ya shafa fuska da hannu biyu, ta ga idonsa ya yi ja. Ya ce zai faɗa. Ya ce shi ma tun Asabar abinci ba ya masa daɗi. Amma a gida ya kasa. Duk sanda ya buɗe baki sai yaron ya riga ya fita. Sai Liatu ta shirya abinta. Ta ce wa Elias ya biyo ta wurin tanda ran Alhamis ya karɓi masar guzuri, ta ce wa Obadiya ya zo ya jira shi a can.

A 'yan kwanakin nan kuwa benci ya juya kamar masa. Mutanen da suka shafe watanni suna kiran sunan Hammadu, yanzu babu mai tuna ya taɓa ambatonsa.

"Mutum yana cikin zafinsa, hannunsa ya buɗe, ka cire shi?" in ji Mijinyawa. "Wane irin koci ne wannan?"

"Ka ɗauko yaro da sanyin jiki ka jefa shi fenareti," in ji Ɗanlarai. "Wallahi ko ni aka saka da na kama ɗaya."

Malam Abdulsalam ya gyara hula ya ce ai manyan kociyoyin duniya suna yin haka, dabara ce sananniya, sai dai ana yin ta da lissafi, shi kuwa bai ga lissafi a nan ba. Liatu ta ji kamar ta watsa musu mai. Ta cije, don da kuɗin masar nan ake cefane. Ranar Laraba Hammadu ya zo a ɓoye da safar a cikin leda, ya ce ba zai iya haɗa ido da Elias ba, ta taimaka ta ba shi. Tausayinsa ya kama ta, shi ma ba shi ya saka kansa ba. Ta cusa ledar a ƙarƙashin tebur.

Ran Alhamis da safe Obadiya ya iso da wuri, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Bai taka wurin ba tun ranar wasan. Ya gai da 'yan benci a tsaitsaye ya nufo wajenta, har ta janyo masa kujera.

"Koci, ba ka zama?" in ji Mijinyawa. "Ko har yanzu kunya ce?"

"Wani abu ya kawo ni."

"To tambaya ɗaya, ka wuce. Mu dai abin da ake faɗa muke ji. An ce ba dabara ba ce, tsoro ne. Wai bakin mutane ka ji, ka cire ɗanka don kada a ce ka yi son kai."

Obadiya ya tsaya cak. Liatu ta ga wuyansa ya miƙe, ta san an taɓa wurin. Gaskiya aka faɗa masa, daga bakin wanda ya haddasa ta.

"Baban Elias," ta ce, "zo ka zauna nan."

"Ina zuwa."

Ya juya ya fuskanci benci. Ya ce shi ba ya aiki da jita-jita. Ya ce wa ke zuwa filin atisaye a cikinsu? Babu. Shi ke zuwa. Ya ce Elias gola ne, babu mai musu, amma in fenareti ne kullum hagu yake faɗawa, 'yan Inkil kuma sun sani, don akwai wanda suka yi makaranta tare a cikinsu. Ya tsinci kara ya durƙusa ya zana raga a ƙasa. Ya nuna inda ƙwallo ke bi, ya nuna inda Elias ke faɗawa. Ɗanlarai ya ce to Hammadu fa me ya kama? Obadiya ya ce sa'a daban, shawara daban; koci shawara yake yankewa, ba shi ke ba da sa'a ba. Malam Abdulsalam ya gyaɗa kai ya ce, "A nan kam ka yi magana." Masu sayen masa suka fara tsayawa. Muryar Obadiya ta ƙara ƙarfi. Mutumin da ya kwana biyar bai iya haɗa jimla ɗaya ga ɗansa ba, ga shi nan magana na zubo masa kamar an buɗe famfo.

A lokacin Elias ya iso, jaka a kafaɗa. Ya tsaya a bayan ubansa, kusa da tebur. Liatu ta ga ya yi aski, ta ga kuma jakar ba ta cika sosai ba, sai ta ji wani ɗan sanyi a ranta. Wanda ya yanke shawara ba haka yake haɗa kaya ba.

"Baban Elias!"

"Na ce ina zuwa, Liatu!"

Mijinyawa yana fuskantar titi, ya ga yaron sarai. Ɗanlarai ma ya gan shi. Babu wanda ya ce uffan, hira ta yi daɗi, ba mai son ta yanke.

"To Koci," in ji Malam Abdulsalam, "mu rufe zancen. Tsakaninka da Allah, da za a dawo da wasan nan gobe, za ka sake cire shi?"

Liatu ta saki cokalin juya masa. Obadiya ya ɗago ya kalli 'yan benci. Ta san abin da ke cikin zuciyarsa, don ta gani a rumfa. Amma ido kusan ashirin ne a kansa, duk suna jira.

"Zan cire shi," ya ce. "Ko sau goma aka maimaita, sau goma zan cire shi. Ni a fili ba ni da ɗa."

Benci ya ɗauki sowa. Ɗanlarai ya miƙa masa hannu suka tafa. Mijinyawa ya ce, "Yanzu na ji batu! Koci, gaskiyarka." Malam Abdulsalam ya ce dama shi tun farko ya san akwai lissafi.

Elias ya ɗauki ƙullin masar da ke kan tebur. Liatu ta sunkuya da sauri ta zaro ledar safar ta miƙa masa, don ba ta da wani abin da za ta riƙe shi da shi. Ya kalli ledar ya girgiza kai.

"Mama, sai Allah ya kai mu."

Ya tsai da wani keke da ke wucewa ya shiga. Ta bi shi da ido har ya ɓace cikin ɗaliban da ke tururuwa zuwa makaranta.

Obadiya ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa, fuskarsa a sake, rabon da ta gan shi haka tun kafin wasan. Ya juyo wajenta.

"Yaron bai iso ba?"

"Ya zo. Ya ji. Ya tafi."

Murmushin ya tsaya masa a fuska ya rasa inda zai sa shi. Ɗanlarai ya yi tari ya ce ai tasha ba nisa, mota ba ta cika da wuri, in Koci yana so ga keke nan, yanzu sai su cim masa.

Liatu ta zuba wa mijinta ido. Har ya ɗaga ƙafa. Sai ya waiwaya ya kalli benci, ya kalli mutanen da suka gama tafa masa, ya kalli ragar da ya zana a ƙasa. Yanzu-yanzun nan ya ce sau goma. Ya koma ya zauna a ƙarshen bencin da ya haɗa da hannunsa.

"Allah ya sauke shi lafiya," ya ce a hankali.

'Yan benci dai ba sa rasa abin faɗa. Mijinyawa ne ya fara.

"To yanzu baɗi wa zai tsare mana raga?"

Ƙaurin masa ya tashi, duk ramukan tandar sun yi baƙi. Liatu ba ta kula ba. Ta zagayo ta ajiye ledar a cinyar Obadiya, babban yatsan nan mai baƙin zare ya leƙo waje.

"Ga safar," ta ce, tana kallon 'yan benci. "Ku zaɓa masa wani golan. Ai ku yake ji."