Ƙoƙon Kai Mai Lamba Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina kwaɓa yumɓu a Sashen Nazarin Ƙoƙon Kai da Fuska na jami'armu. Ɗakin aikin yana hawa na uku, tagarsa tana kallon teku. Da azahar, in kowa ya sauka cin abinci, rana takan shigo ta kwanta a kan kantocin da muka jera ƙoƙunan kai, farare tas, ka rantse gyangyaɗi suke yi. Ni ma nakan jawo kujera in taya su. Sunana Munji. Ɗalibai suna kirana Baba Munji in suna neman alfarma, in kuwa na hana su taɓa kayana sai in koma "tsohon nan".

Durra ba ta taɓa ce min tsohon nan ba. 'Yar garin Mahdiya ce, siririya, kullum da yumɓu a ƙarƙashin farce. Shekara shida ta yi tana auna kaurin naman fuskar mutanen gaɓar tekunmu, mutum ɗari huɗu da 'yan kai, daga goshi har haɓa, don a san in an tsinci ƙoƙon kai yaya fuskar mai shi take. Sau biyu jami'a tana ƙara mata wa'adi, kuma an gaya mata babu na uku.

Jarrabawar ƙarshe a sashenmu ba ta takarda ba ce. Ana ɗaukar hoton kan wani mutum mai rai a na'urar asibiti, a fitar da ƙoƙon kansa da roba, a rufe hoton fuskarsa a ambulan. Ɗalibi ya kafa tsinkaye talatin da biyu a kan ƙashin, kowanne daidai kaurin naman wurin, ya shimfiɗa yumɓu har kan tsinke ya ɓace. Ranar kare kundi a buɗe ambulan gaban malamai. In fuskar ta yi kama, ka zama Dakta. In ba ta yi ba, Allah ya ba da haƙuri. Durra ta samu ƙoƙo mai lamba huɗu.

Ina son kallonta tana aiki. Da safe takan bi awo sau da ƙafa, tana duba littafinta, tana gunguni da lambobi. Amma in rana ta karkata, hasken teku ya fara rawa a jikin silin, sai idonta ya tafi taga, hannunta kuma ya ci gaba shi kaɗai. Babban yatsa ya shafa kunci, ya dawo, ya ƙara 'yar ƙwallon yumɓu. Ba ta ma sani. Ka yi mata magana sau uku kafin ta ce, "Na'am, Baba Munji?" kamar wadda aka taso daga barci.

Ni na riga kowa ganewa, don na sha ganin hoton da ke fuskar wayarta. Nizar ne, yayanta. Shekara tara da suka wuce ya shiga kwalekwale da wasu samari za su tsallaka Italiya, kuma tun ranar ba shi ba labarinsa, ba gawa, ba waya. Ga shi nan yana fitowa a kan teburinmu kaɗan-kaɗan, da karan hancinsa mai ɗan tudu da leɓensa na ƙasa da ya fi na sama cika. Wallahi na so in yi magana. Sau biyu ina buɗe baki in rufe, in je in haɗa shayi.

Ranar Alhamis Farfesa Najiba ta hawo. Ita ce shugabar sashe, mace mai tabarau a kan hanci, wadda ko gaisuwa a gurguje take amsawa. Ta zagaya fuskar sau ɗaya, ta ɗauki allurar awo ta soka a kunci, ta zare ta duba.

"Milimita huɗu ya ƙaru. Nan ma haka." Ta nuna hancin. "Wannan kuma daga ina kika samo shi? Ƙashin ne ya gaya miki, ko a kasuwa kika sayo?"

Sai ta juyo gare ni.

"Si Munji, kana zaune a nan aka yi wannan?"

"Ni yumɓu nake kwaɓawa, Madam, ba a ba ni aikin gadin hanci ba."

Ta harare ni, sannan ta sassauta murya ta juya ga Durra. "'Yata, fuskar ta yi kyau. Amma ba ta mutumin da ke cikin ambulan ba ce, ke ma kin sani. Saura kwana goma sha biyu. Ki kankare ta har ƙashi kafin Litinin ki sake. In kika shiga da wannan, ni da kaina zan kayar da ke."

Ranar Juma'a Durra ta zo ta ɗauki wuƙar kankara ta zauna. Har aka yi kiran salla tana riƙe da ita. Na je masallaci na dawo, tana nan inda na bar ta, wuƙar a cinya.

"Ke dai kin cika taurin kai," na ce. "Kawo in yi miki, minti goma ya ishe ni."

"Kar ka taɓa shi!" Sai kuma ta ji kunya. "Yi haƙuri, Baba Munji. Alfarma ɗaya nake nema. Gobe babu kowa a sashe. Ka buɗe wa Mama ta gan shi."

Na yi faɗa. Na ce nan ɗakin bincike ne ba gidan ziyara ba, na ce so take a kore ni saura wata takwas in yi ritaya, na ce abubuwa da yawa. Da gari ya waye ni ne tsaye a bakin ƙofa da makulli tun kafin jirgin ƙasan Mahdiya ya iso.

Lalla Mabruka, mahaifiyar Durra, gajeriyar tsohuwa ce, lulluɓe da farin mayafi. Ta hau benen nan uku tana hutawa a kowane hawa, ta miƙo min kwanon kuskus da kifi, ta ce ba a shiga wurin mutane hannu rabbana. Durra ta yaye jiƙaƙƙen ƙyallen da muke rufe yumɓu da shi, ta koma gefe.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ja kujerata ta zauna gab da shi, gwiwarta tana taɓa ƙafar tebur. Hasken ruwa yana ta wasa a silin, yana saukowa kan goshin yumɓun, har sai da na ga kamar girar tana motsi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na ji ƙarar jirgin kamun kifi ya fita, na kuma ji wani ya dawo. Ta miƙa hannu ta shafi kuncin da bayan yatsu, a hankali, yadda ake duba zazzaɓin yaro.

"Ya yi kumatu," ta ce. "Ashe yana samun abinci."

Durra ta toshe baki da hannu. Ni kuwa na juya ina gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara, don zuciyata ta karye, ba zan ɓoye ba.

"Malam," tsohuwar ta kira ni ba tare da ta waiwayo ba. "Durra ta ce akwai ƙashi a ƙarƙashin nan. Na wa ne?"

"Ba mu san sunansa ba, Lalla. Wani mutum ne da ya yarda aka ɗauki hoton kansa."

"Yana raye?"

"Yana nan da ransa, a garin nan ma."

"Yana da uwa?"

"Allah masani. Wataƙila."

Ta jinjina kai. Ta ƙara kallon fuskar, kallo mai tsawo, daga gashin gira har haɓa, tana motsa baki kamar mai haddace wani abu. Sannan ta dafa tebur ta miƙe, ta naɗe hannun rigarta, ta ɗauko robar da nake zuba ragowar yumɓu ta riƙe a ƙasan haɓarsa.

"Mama..." Durra ta fara.

"Na gan shi, ya isa. Ɗauki wuƙarki, 'yar nan. Wannan ɗan wata ne, mayar mata da abinta."

Durra ta sa wuƙar a kuncin hagu. Tsohuwar ta riƙe robar da hannu ɗaya, ta ɗora ɗayan a kan hannun Durra, suka ja tare.